Filin Gwaggo: Gonar Aro Ko Ginin Kanka?

Wasiƙun wannan makon uku ne, kuma duk daga yanki ɗaya suka fito: Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Babu maganar kishiya a cikinsu, babu ta uwar miji, har sai da na gyara zaman tabarau na sake dubawa ko filin wani aka kawo mini bisa kuskure. Da na kai ƙarshe na gane ashe tsohuwar tambaya ce ta sako sabuwar riga, wato zaman haya ko gini.

Wasiƙa ta farko

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina wuni, ya ƙoƙari da jama'a? Ni matar aure ce a Ƙanƙara, yarana uku, kuma shekara shida ke nan ina rubuta littattafan hikaya a waya. Ina sakin labari babi-babi a Facebook da WhatsApp. In ya kai inda ya yi daɗi, sai in ce mai son ci gaba ta turo naira 500 in sa ta a guruf na kuɗi. Da wannan nake 'yan hidindimun yara, har na shiga adashi. Damuwata biyu ce. Rubutuna a warwatse yake, in sabuwar mai karatu ta nemi littafina na farko sai in yi ta lalube, wasu babukan ma sun tafi da tsohuwar wayata da ta mutu. Sannan kwanaki wata ta turo mini littafina an goge sunana an sa wani, ana sayarwa. Ƙanen maigidana da ke karatu a Zariya ya ce maganin duka shi ne in mallaki shafin intanet na kaina, zai gina mini da WordPress in na ba shi kuɗin adireshi da na masauki na shekara. Ƙawata kuma ta ce in buɗe Blogger ko in zuba a Wattpad, kyauta ne, kar in yi asara. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi. Maigida ya ce kuɗina ne in yi yadda na ga dama, amma na lura ba zai ji daɗi ba in na ƙi tayin ƙanensa. Gwaggo ina zan sa kaina?

Marubuciya daga Ƙanƙara

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ƙara basira, ya raya zuri'a. Kuɗin adashin nan ki ƙulle su a bakin zane tukuna, mu yi magana.

Ke 'yar ƙasar noma ce, kin san gona iri-iri ce. Akwai ta gado, akwai ta saye, akwai ta jingina, da ta haya, da ta aro. Duk ana shuka a cikinsu, duk masara tana fitowa, ba a gane bambanci sai ranar da mai ita ya yi sallama. Abin da ƙawarki ke nuna miki gonar aro ce. Blogger na kamfanin Google ne, ya saye shi a 2003 daga hannun waɗanda suka ƙirƙire shi a 1999. Wattpad a Kanada aka haife shi, yanzu kuma yana hannun wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna Naver tun 2021. A irin waɗannan wurare kamfani ne ke da kwamfutocin da rubutunki zai kwana a ciki. Shi ke biyan kuɗin wuta, shi ke gadi, shi ke gyara in abu ya lalace, naki rubutu ne kawai. Ladan da yake karɓa shi ne sunansa zai biyo bayan naki a adireshi, kuma dokarsa za ki bi ko kin karanta ta ko ba ki karanta ba.

Abin da ƙanen maigidanki ke nufi daban ne. WordPress manhaja ce ta kyauta, wasu mutum biyu, Matt Mullenweg da Mike Little, suka fara ta a 2003, kuma yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da ita aka gina su. Ba kayan banza ya nuna miki ba. Sai dai manhajar kamar bulo ce da kwanon rufi, sai an sami fili ake ɗora su. Filin shi ne masauki, wato ɗan wuri a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, ana biyan hayarsa wata-wata ko shekara-shekara. Adireshin kuma, wanda yaran zamani ke ce wa domen, shi ne sunan da mutum zai rubuta ya iso ƙofarki. Shi ma ba a sayensa sayen raba gardama, duk shekara sai an sabunta. Kada kuma sunaye su ruɗe ki, akwai wani dandali da ake kira WordPress.com, shi gidan haya ne irin Blogger, ba shi yaron ke nufi ba.

Kin ga ashe kalmar nan "na kaina" da ɗan gishiri a cikinta. Ko masu benaye a birnin Katsina, tun dokar filaye ta 1978 ƙasar da ke ƙarƙashin gininsu amana ce a hannun gwamna, takardar shekara 99 suke riƙe da ita. Takardar filin intanet wata goma sha biyu ce. Ranar da ta cika ba ki biya ba, ba mai zuwa ya yi miki sallama ya ji ko lafiya.

Nan ne nake so ki tsaya ki tuna inda kike zaune. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Ƙanƙara tana ciki, Faskari tana ciki, Sabuwa tana ciki, ba kuma a maido muku ba sai bayan watanni. Ke kin fi ni sanin yadda aka yi zaman nan, waya ta koma fitila da agogo. To ki ɗauka a lokacin kina da shafin kanki, kuma ranar sabuntawa ta faɗo a Oktoba. Kamfanin masauki zai turo imel sau biyu ko uku, ba wanda zai gani. Bayan 'yan makonni su share kayanki su ba wani wurin. Sunan ma in ya daɗe ba a fanshe shi ba ya koma kasuwa, kowa na iya ɗauka. Wadda ke zaune a gonar aro kuwa, da sabis ya dawo ta tarar da kayanta yadda ta bar su, ƙura kawai suka yi. Ginin kai yana son mai gida a kusa, ga manhajar da ke bukatar sabuntawa a kai a kai, ga ƙananan manhajojin da ake jona mata, waɗanda ta nan ɓarayin intanet suka fi shigowa in an bar su sun tsufa. Wa zai yi miki wannan? Ɗalibin da gobe zai tafi bautar ƙasa a inda Allah ya kai shi?

Kada ƙawarki ta yi saurin guɗa, ita ma ga nata. Zanen aro ba ya rufe katara. Marubutan Hausa da yawa sun zuba littattafansu a OkadaBooks, dandalin da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, suna sayarwa suna samun na cefane. Ranar 30 ga Nuwamban 2023 ya rufe. Wadda ke da kwafin littattafanta a hannu ta kwashe ta canza rumfa, wadda ta mai da shi rumbunta kaɗai ta shiga bin masu karatu tana roƙon ko akwai mai sauran babi. Google da kansa ya rufe dandalinsa na Google+ a 2019, kuma tun Disamban 2023 yana da dokar cewa asusun da ya shekara biyu ba a leƙa ba yana iya share shi. Wani lokacin ma ba mai gonar ba ne ke korar mutum. A farkon Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Wani lokacin kuma ba a rufe komai ba, kasuwar ce kawai ke watsewa. Tambayi yayyenki ina abokan da suka tara a dandalin 2go.

Saboda haka in kika tambaye ni wanne ne ba ya cin amana, babu. Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ma ba wannan ba ne, layin nan ne da kika wuce da sauri, cewa wasu babukan sun tafi da tsohuwar waya. Shekara shida kina rubutu amma ba ki da littattafanki a hannu! Ni ma ba zan cika baki ba, na taɓa barin jaka a mota a wata tasha, da littafin da na shekara biyu ina tara wasiƙun mutane a ciki, har yau in na tuna sai in ji ɗaci a maƙoshi. Tun daga ranar komai nawa biyu ne.

Ki tuna iyayenki a wannan sana'a. A shekarun 1990, zamanin da su Hajiya Bilkisu Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, maƙwabciyarku, da su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ke tashe, marubuci shi ke kai rubutunsa maɗaba'a da kuɗin aljihunsa, ya kwaso ya kai wa 'yan kasuwar littafi a Kano. Ba kowa ya gina kantin kansa ba, a shagunan mutane aka sayar. Amma suna yana jikin bango, asalin rubutu kuma yana cikin akwati a gida. Shi ya sa in shago ya rufe littafi bai mutu ba.

Ga yadda zan yi in da ni ce ke. Kafin ki kashe ko kwabo, ki zauna ki tattaro littattafanki ɗaya bayan ɗaya, kowane a fayil guda daga farko har ƙarshe. Babukan da suka ɓace ki yi cigiya a guruf, za ki sha mamaki, akwai masu karatun da ba sa share komai. In sun kammala ki ajiye su wuri uku: a waya, a memori ko filash da zai zauna cikin akwatin kayanki ba cikin waya ba, da kuma a imel ɗinki. Wanda kika fi ji da shi ki kai shagon kwamfuta a buga miki a takarda. Takarda ba ta neman caji, ba ta jiran sabis.

Bayan wannan ki sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ki kwafe lambobin duk wadda ta taɓa biyanki kuɗin labari. Kada ki yi dariya. Waɗannan matan su ne jarinki. In aka wayi gari wani ya yaudare ki ya karɓi lambobin sirrin da ake turowa ta waya ya ƙwace miki WhatsApp, ko guruf ya watse, da wannan littafin za ki sake tara su cikin mako guda.

Sai maganar shafi. Ki buɗe Blogger kamar yadda ƙawarki ta ce, amma ki sayi adireshi kamar yadda ƙanen maigidanki ya ce. Ana haɗa su, kuma Google ba ya karɓar komai a kan haɗin. Kuɗin adireshi kaɗan ne in aka kwatanta da na masauki, musamman mai ƙarewa da .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi kuma da naira ake biya ta hannun kamfanonin da ta amince da su. In da hali ki biya na shekara biyu ko uku a tashi ɗaya, saboda irin abin da ya faru a 2021. Amfanin wannan shi ne allon da ke ƙofa naki ne. In gobe mai gida ya canza fuska, ki cire allonki ki kafa a wani ɗaki, masu karatu su rubuta sunan da suka saba su same ki, ba su ma san kin yi ƙaura ba. Cikin Blogger akwai wurin sauke kwafin duk abin da kika zuba, ki riƙa yi duk wata.

Kada kuma ki ɗauka shafi zai kawo miki mutane. Mai rumfar aro a tsakiyar kasuwar Sheme ya fi mai shagon siminti a bayan gari ciniki. Masu karatunki suna WhatsApp da Facebook, da 'yar datar da suka saya ta kwana ɗaya, can za ki ci gaba da samunsu. Shafin ya zama ɗakin ajiya da wurin baje koli: sunayen littattafanki a jere, babukan farko kyauta, da yadda za a same ki a biya. Wattpad ma ki iya zuba ɗanɗano a can, ba laifi, kasuwa ce ita ma.

Maganar ɓarauniyar littafi kuwa, gaskiya ɗaya ce, babu shafin da zai hana. Duk abin da ido ya karanta a waya, yatsa na iya kwafewa. Wanda ya ce miki zai sa makullin da ba a kwafa, ya faɗa ne don ya ji daɗin bakinsa. Abin da shafi zai ba ki shi ne shaida, ga littafi, ga sunanki, ga ranar da ya fara fita. Doka kuma tana bayanki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka sace aka ɗora a intanet, kuma haƙƙinki ya tabbata tun ranar da kika rubuta, ba sai kin yi rajista ba. Ki riƙa saƙa sunanki a tsakiyar babi, ba a sama kaɗai ba inda gogewa ke da sauƙi. Sau da yawa ma kunya ta fi kotu saurin aiki, masu karatunki in suka ji sun ishe ta.

Saura zumunci. Kada ki ce wa yaron a'a, ba abin faɗa ba ne. Ki ce kin karɓi shawararsa, za a fara da adireshi bana, gini sai kasuwa ta buɗe. Shi zai yi rajistar, shi zai haɗa, shi zai tsara shafin ya yi kyau, ki ba shi na katin waya ki sa masa albarka a gaban yayansa. Sharaɗi ɗaya ne, kuma a kansa ba kara: sunanki, imel ɗinki da lambar wayarki za a sa, a zaune kina kallo, kalmar sirri kuma ke za ki zaɓa. Dalilin wannan yana cikin wasiƙa ta biyu. Ranar da kika ga cinikinki ya kai ki biya masauki da mai kula da shi ba tare da kin taɓa adashi ba, kina kuma son mai karatu ta biya da kati littafi ya buɗe mata da kansa kina barci, ranar ki kira shi ya kawo bulonsa. Sauran kuɗin adashin, in wayarki ta fara ciwon batir, kin san inda za su.

Wasiƙa ta biyu

Salamu alaikum Hajiya. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman masara da waken suya a ƙasar Faskari. Shekarun baya wasu masu ba da horo suka ce ƙungiyar da ba ta da shafin intanet ba a ɗaukarta da muhimmanci. Muka yi karo-karo muka ba wani yaron garinmu ya gina mana. Muna sa farashin hatsi na Sheme da Dandume, da hotunan rumbunanmu, da sunayen membobi da lambobinsu. Yanzu in an buɗe sai tallan caca da wani yare da ba mu sani ba. Yaron ya koma kudu, lambarsa ba ta shiga. Membobi sun fara cewa ni da shi muka cinye kuɗin. Shekarata hamsin da takwas ba a taɓa jifana da irin wannan ba.

Sakatare daga Faskari

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Allah ya huci zuciyarka, ya wanke ka. Zargi a kan kuɗin jama'a ciwo ne, amma naka mai magani ne, domin komai na wannan harka yana barin sawu.

Abu biyu ne ke sa shafi ya koma tallan caca. Ko dai wa'adin adireshin ya cika ba a sabunta ba wani ya saye, domin akwai mutanen da sana'arsu ke nan, tsintar sunayen da aka saki. Ko kuma adireshin yana nan amma ɓarayi sun haura ta tsohuwar manhajar da aka bari ba gyara. Ka sami wani mai ilimin kwamfuta a Funtuwa ya duba muku rajistar adireshin, abin da suke kira WHOIS. Cikin minti biyar zai ga ranar da aka yi rajista, da ranar ƙarewa, da kamfanin da aka yi ta hannunsa. Ka sa ya buga maka a takarda ka kai taron ƙungiya. Wannan takardar da rasiɗin kuɗin da kuka ba yaron sun isa su nuna an yi aiki, wa'adi ne ya ƙare. Ya kuma leƙa muku Wayback Machine, wani rumbu ne a Amurka da ke ɗaukar hoton shafukan duniya yana ajiyewa, sau da yawa akan tsinci tsofaffin rubuce-rubuce a can.

Yaron kuma kada a yi saurin kiransa ɓarawo. Ina kyautata zaton kuɗin shekara ɗaya kuka ba shi, ba wanda ya yi zancen shekara ta biyu, shi bai faɗa ba ku ba ku tambaya ba. In a kamfanin waje ya yi muku masauki, ka duba abin da ya biyo baya. A 2022 bankuna da dama suka rage ko suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. A Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 a farashin hukuma, a 2024 ta wuce 1,500. Kamfanonin nan kuma sun saba da arahar shekarar farko, a ta biyu farashin gaskiya ke fitowa. Yaro ya ga lissafi ya ninka, ya ji nauyin dawowa wurin iyayensa ya ce a ƙaro, ya yi shiru, shirun ya yi tsawo har ya zama gudu. Yana da uba a garin, yana da mai unguwa. Ku bi ta nan cikin mutunci, ku ce ba kuɗi kuke nema ba, makulli kuke nema. In adireshin bai fita hannunsa ba, ya mayar da shi sunan ƙungiya. In ya riga ya fita, ku yi masa fatiha ku zaɓi wani, fanso daga hannun 'yan tsintuwa ya fi sabo tsada.

Ƙungiya ba kamar marubuciyar Ƙanƙara ba ce, ku kuna da dalilin riƙe adireshi na kanku, da imel mai sunanku, tunda kuna hulɗa da masu sayen amfanin gona da masu ba da tallafi. Amma ku riƙe shi yadda kuke riƙe asusun banki. Imel na ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba. Kalmar sirri a hannun shugaba da sakatare da ma'aji. Ranar sabuntawa a rubuce cikin littafin taro, kuɗinta a cikin kasafin shekara kusa da na taki. Ku nemi kamfanin gida da ake biya da naira, wanda in an kira waya mutum zai ɗauka. Mai gini a biya shi ladan gini, a kuma yi yarjejeniya a rubuce kan ladan kulawa, domin aiki biyu ne.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, Malam, kuma ina roƙonka da girman Allah. Kun sa hotunan rumbuna da sunayen mutane da lambobinsu a inda duk duniya ke gani, a Faskari, a wannan zamani? Mai neman sanin wa ya noma buhu nawa ba sai ya biya ɗan rahoto ba, kun yi masa aikin kyauta. In don wannan ne, rufewar shafin nan wata rahama ce. Sabon da za ku buɗe a sa farashin kasuwa, a sa lambar ofis guda ɗaya. Sunayen membobi su zauna a rajistar takarda cikin akwatin sakatare.

Wasiƙa ta uku

Gwaggo barka da aiki. Na gama NCE shekara biyu ba aiki. Abokina ya ce in na buɗe shafin labarai na kaina Google zai riƙa biyana da dala. Innata tana da tunkiya mai ciki, ta ce in sayar in ja jari. In saya masauki mai tsada ko mai araha?

Matashi daga Sabuwa

Ɗana, ka bar tunkiyar nan ta haihu.

Abin da abokinka ke nufi AdSense ne, tsarin da Google ke sa talla a shafi ya ba mai shafin kaso. Gaskiya ne ana samu. Ga abin da bai gaya maka ba. Google yana da jerin harsunan da ya amince a sa tallansa a kansu, akwai Larabci, akwai Turanci, Hausa ba ta ciki har zuwa rubuta wannan amsa. In ka ce da Turanci za ka yi, ka shiga kokawa da manyan jaridun Legas da Abuja masu ma'aikata da janareto. In ka ce kwafo nasu za ka riƙa yi, shafin kwafe ne abu na farko da ake ƙi. Ko an karɓe ka, ba a biya sai kuɗinka ya kai dala 100, kafin nan kuma sai an aiko maka wasu lambobi a takarda ta gidan waya don a tabbatar da inda kake. Talla a idon mai karatu na Najeriya kuɗinta kaɗan ne, sai dubban mutane sun shigo kullum kafin ta tara abin kirki. Masauki kuwa ba ya jira, ko mutum uku suka leƙo zai karɓi nasa.

Sannan labarai a yankinku ba wasan yara ba ne. Ka ji an ce an kai hari ƙauye kaza, ka rubuta don ka riga kowa, ya zama ba haka ba ne, ka tayar da hankalin masu 'yan uwa a can. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, an yi mata gyara a 2024, kuma an sha kama masu rubutu da sashe na 24 na cikinta. A shafin kanka ba edita, ba lauya, kai kaɗai ne.

Tunda kana da sha'awa, gwaji kyauta ne. Ka buɗe Blogger ko shafin Facebook yau, ko sisi ba za ka kashe ba. Ka rubuta abin da ɗan Legas ba zai iya ba: nawa buhun masara ya kwana, wane iri ne ya yi kyau bana a ƙasarku, yadda ake gane jabun taki, tarihin garuruwanku daga bakin tsofaffi tun suna raye. Sau uku a mako, wata shida, ba fashi. Da yawa cikin masu wannan buri tun ba a je ko'ina ba suke ajiyewa, gara ka gane ko kana cikinsu tun tunkiya tana turke. In ka jure mutane suka taru, mai shagon maganin feshi da mai sayar da sola su za su fara neman ka sa musu talla, da naira, hannu da hannu. A cikin wannan kuɗin za ka sayi adireshi, ka sake rubuto mini mu yi zancen masauki.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce Gwaggo ta ce a ƙara wa tunkiyar dusa.